Sabulun Gida Ba Kyauta Ba Ne

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar omo ta sa mata da dama a Ikara, Maƙarfi da Kudan sun koma haɗa sabulun wanki a gida. Sana'ar ba baƙuwa ba ce, domin da ruwan toka da mai kakanninsu suke dafa sabulu. Sai dai sodar zamani ta fi toka kaifi: tana ƙona fata, tana iya makantar da yaro idan ta fantsama masa a ido. Mai sayen kayan haɗi cokali-cokali kuwa, ribarta a hannun mai kanti take ƙarewa. Tsimi na gaskiya shi ne mata su yi adashi, su saro soda da mai daga Zariya, su auna da sikeli, su ajiye nesa da yara.