Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Wa Zai Biya Digirin Malamin Firamare?

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara sayar da fom, sai tsohuwar muhawara ta sake tashi a ofishin malamai: a koma a yi digiri, ko a haƙura da NCE har ritaya? Ga mu da muka haura shekara arba'in, tambayar tana bin mu har gida, ta zauna tare da mu a kan tabarma lokacin da ake lissafin cefane da kuɗin makarantar yara. Duk sanda muka kai kukanmu gaban manya kuwa, amsa ɗaya ce: gemu ba ya hana ilimi, a daure a yi sadaukarwa. Mun yarda gemu ba ya hana ilimi, amma aljihu yana hanawa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan ba shi ne karon farko da aka ɗaga mana tsani muna tsakiyar hawa ba. Yayyenmu sun shiga aikin da takardar Giredi Tu, aka wayi gari aka ce ba ta isa ba, NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Suka yi ta zirga-zirgar Asabar da Lahadi zuwa cibiyoyin NTI, da kuɗin aljihunsu. Aka zo da rajistar TRCN, muka biya, muka zauna jarrabawa. Yau a hukumance NCE ce mafi ƙarancin shaida har yanzu, amma tsarin albashi yana faɗar wani abu dabam. Mai NCE yana fara aiki a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8. A wurare da yawa mai NCE yana kaiwa mataki na 14 sai ƙofa ta rufe, ko da ya shekara talatin yana riƙe da alli. Ɗalibin da muka koya wa baƙi da wasali yakan dawo da digiri ya zama shugabanmu. Ba mu yi masa hassada, amfanin aikinmu ke nan. Sai dai kada a rufe ƙofa sannan a ce komawa karatu ganin dama ne.

To, bari mu yi lissafi, tunda mu ke koyar da shi. Malami mai shekara 45 da ya sami gurbin shiga aji biyu na jami'a da NCE ɗinsa yana buƙatar shekara uku, in ya bar aji gaba ɗaya ya zauna karatu. Mafi yawanmu ba mu da wannan dama, sai dai karatun dogon hutu, ko na ƙarshen mako, ko Jami'ar Karatu daga Gida, waɗanda sukan ci shekara huɗu zuwa biyar. In an haɗa da yajin aiki da jiran sakamako, ya kai hamsin kafin takarda ta shigo hannunsa. Inda ake bin tsohon tsarin ritaya na shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, abin da ya rage masa bai wuce shekara goma ba, wani ma bai kai ba. Gaskiya ne a 2022 an sa hannu kan dokar da ta mayar da wa'adin malamai shekara 65 ko 40 a bakin aiki, amma ba kowace jiha ta fara aiki da ita ba, kuma ba a gina lissafin gida a kan abin da bai iso ba.

Kuɗin rajista shi ne ƙaramin abin da ake kashewa. Akwai kuɗin mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Akwai hayar ɗaki a garin da ake karatun, da littattafai, da kuɗin intanet, da buga aikin binciken kammalawa. Akwai kuma asarar da ba a ba da rasit a kanta: dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da malamin karkara ke noma abin da zai rufa wa gidansa asiri har shekara ta zagayo. Wanda ya tafi karatu a watan Agusta ya bar gona ga 'yan ƙwadago, ko ga ciyawa. Malama kuma, da wa za ta bar yara? Duk wannan a kan albashin da a wurare da dama bai ga cikakken mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba.

Mun san inda kuɗin ke fitowa. Daga adashi yake fitowa, da akuyar uwargida, da ɗan kunnen da aka ajiye don auren ɗiya, da bashin banki da ake yanka daga albashi tun bai shigo hannu ba. Mafi ɗaci, shekarun da uba ke neman kuɗin digirinsa su ne shekarun da ɗansa na fari ke rubuta JAMB. A gidaje da yawa an zauna an zaɓa tsakanin uba da ɗa. Bayan duk wannan, mun ga abokan aikinmu da suka miƙa takardar digiri, fayil ɗinsu ya kwanta a ofis shekara da shekaru ba a gyara musu mataki ba, da aka gyara kuma ba a biya ariyas ba.

Za a ce mana ilimi ba don kuɗi ake nemansa ba. Mu ne muka fi kowa sanin haka, da don kuɗi ne da ba mu cikin wannan aiki. Amma wa ke cin moriyar digirin? Yaran da ke gabanmu ne, da gwamnatin da ke alfahari da yawan ƙwararrun malamanta a taro. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin malaman jami'o'i da kwalejojin ilimi su yi digiri na biyu da na uku, kuma hakan daidai ne. Me ya sa wanda ke aza harsashin ginin ne kaɗai zai sayar da akuya? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga ilimin matakin farko, kuma a ciki akwai kason horar da malamai. Bitar kwana uku da kuɗin mota ba za ta maye gurbin karatu na gaskiya ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin reshenmu su kai waɗannan buƙatu teburin sulhu a rubuce. Na farko, a riƙa ba da hutun karatu da cikakken albashi bisa jerin sunaye da kowa zai gani, ba sai wanda ya san wani ba. Na biyu, a karkatar da wani ɓangare na kuɗin horarwa zuwa biyan rajistar malaman da suka sami gurbi. Na uku, a sa wa'adin gyara mataki, kuma ƙarin ya fara daga ranar da aka miƙa takarda. Na huɗu, a ɗage shingen mataki na 14 ga waɗanda suka daɗe suna aiki. Mu ma a reshe za mu iya kafa asusun rance marar ruwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga 'yan'uwa masu niyya, ba mu ce ku fasa ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku karɓi izinin karatu a rubuce kafin ku biya ko sisi, ku tabbatar kwas ɗin na fannin ilimi ne da za a amince da shi wajen ƙarin girma, ku ƙirga shekarun da suka rage muku, sannan ku zauna da iyalinku, domin su ne za su ɗauki rabin nauyin. Wanda ya auna ya ga zai iya, Allah ya ba shi sa'a. Wanda ya zaɓi ya biya wa 'yarsa maimakon kansa, kada kowa ya kira shi rago. Taron reshe na gaba kuwa, kowa ya zo da lissafinsa a takarda.