Gudummawa Ga 'Yan Gudun Hijira: Sabuwa Na Bukatar Asusu Tsayayye

Ba a taɓa zargin Bahaushe da rowa ga baƙo ba. Tun da ɓarnar 'yan bindiga ta tsananta a kudancin Katsina, mutanen ƙauyukan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da yawa sun bar gonakinsu da rumbunansu, sun fake a garuruwan da ke kan hanya har zuwa Dandume da Funtuwa. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 shi ya jawo hankalin duniya, alhali tun kafin nan talakawa ke gudu. Wanda ya fara tarbarsu kuwa ɗan'uwansu talaka ne: wannan ya ba da zaure, wancan ya auno tiyar masara. Wannan alheri ne babba, amma ba shi da tsari. Yakan zo da ƙarfi a makon farko, sa'an nan ya ƙafe kamar ruwan kududdufi, a bar marayu da matan da aka kashe wa maza da hannu biyu.

A nan akwai darasi a tarihin Yahudawan Amurka. A shekarar 1914, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, jakadan Amurka a Daular Usmaniyya, Henry Morgenthau, ya buga wa manyan Yahudawan New York waya yana neman dala 50,000 domin 'yan'uwansu da yunwa ta tasar wa a Falasɗinu. Kuɗin sun haɗu ba da jimawa ba. Da sun tsaya nan, da an manta da zancen. Sai suka haɗa kwamitin attajiransu da na masu tsantsar riƙon addini, daga baya na ma'aikata ya shigo, suka kafa ƙungiya guda mai rarraba taimako, wadda ake kira Joint. Waɗannan ɓangarori ba su jituwa a kan abubuwa da dama, amma suka yarda kowa ya tara a wurin jama'arsa, a raba ta hannu ɗaya, a kuma rubuta. Saboda haka bayan 1945 ƙungiyar na nan daram, ta ciyar da waɗanda suka tsira daga kisan ƙare-dangi a sansanonin Jamus da Ostiriya da Italiya.

Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da koyi da waɗannan, ga abin da ya sami Falasɗinawa? Amsa ita ce, ɗaukar dabarar tara kuɗi daban, goyon bayan gwamnatin Isra'ila daban. Ban da haka ma, tushen abin yana cikin Musulunci tun fil azal. Mutanen Madina sun raba dukiyarsu da masu hijira, kuma Shari'a ta sa fakirai da miskinai da matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin masu cin zakka. A al'ada kuma ga gayya, ga adashi. Abin da ya rage kawai shi ne haɗa kai da riƙe lissafi.

Bisa ga haka, ya kamata a kafa asusu guda na waɗannan ƙananan hukumomi uku. Limaman ɗariƙa da na Izala su zauna a kwamiti ɗaya da hakimai da 'yan kasuwar hatsi da wakilan mata, har da wakilan su masu gudun hijirar. A karɓi zakkar amfanin gona da kaka, lokacin da masara ke da araha, a adana ta domin damina, sa'ad da yunwa ta fi tsanani. 'Yan asalin yankin da ke Kano da Kaduna da Legas su yi alkawarin abin da za su riƙa bayarwa kowane wata. A riƙa karanta abin da ya shiga da wanda ya fita bayan sallar Juma'a, domin rashin amana shi ke kashe irin wannan aiki. Ɗaliban jami'a kuwa su ɗauki nauyin rubuta sunayen magidanta da yawan iyalinsu a lokacin hutu.

Wannan bai sauke wa gwamnati nauyin tsare rayuka ba ko kaɗan. Amma mai jin yunwa ba ya jiran a gama yaƙi. Allah ya kawo zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa, amin.