Ƙyalle Ba Tsumma Ba Ne: Darasi Daga Shagunan Telolin Sokode da Dapaong

Duk wanda ya taɓa shiga shagon tela a Sokode ana saura kwana biyu sallah, ya san abin da ke ƙarƙashin teburin yanka. Guntayen atamfa ne da shadda da yadi, wani faɗin tafin hannu, wani siriri mai tsawon kamu biyu, sun taru har sun rufe ƙafar keke. Da an sauko daga idi, yaran shago za su share su, su ɗura a buhu. Wasu a cusa su cikin matashi, wasu a yi gammo da su, amma mafi yawa bola suke nufa, ko a cinna musu wuta, ko su gangara kwata su toshe ta kafin damina. Haka abin yake a Dapaong, babban birnin yankin arewacin ƙasar Togo, mai nisan kusan kilomita 300 daga Sokode. Abin takaici shi ne, a garuruwan nan biyu hunturu yakan sauko da ƙarfinsa daga Disamba zuwa Fabrairu, har mai gida ya ɗauki kuɗinsa ya je neman bargon gwanjo, alhali kayan bargo na ci da wuta a bayan shagon maƙwabcinsa.

Matsalar ta fara ne daga harshe, shi ya sa ta shafi ɗalibin Hausa. Bahaushe yana da kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa: ƙyalle da tsumma. Tsumma shi ne tufafin da ya sha wanki ya sha rana har ya mutu. Ƙyalle kuwa yanki ne kawai, yana iya zama sabo fil, da ƙamshin kanti a jikinsa. Abin da almakashin tela ya bari daga turmin atamfa mai yadi shida, kuɗinsa ɗaya da wanda ya shiga jikin rigar, domin tare aka biya su. To amma da zarar ya faɗi ƙasa sai a kira shi tsumma, kuma sunan da aka ba abu shi ke yanke masa hukunci. Haka nan kalmar faci: ɗinki ne na gyara, amma a bakin mutane ta koma alamar talauci, har yaro ya gwammace ya kwana cikin sanyi da a gan shi da mayafi mai faci-faci.

Tarihin yankin kansa bai goyi bayan wannan raini ba. Sokode tana kan hanyar fataken goro da suka riƙa tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja a ƙarni na 19, suna ratsa ƙasar Kotokoli da jakunansu. Cikin hajar da suke ɗauke da ita akwai tufafin saƙa da na rini. Sawun harshensu bai goge ba: garin Sansanne-Mango da ke kudu da Dapaong yana ɗauke da kalmar sansani a sunansa har yau. Su kuwa waɗannan tufafi da fatake suka yi fatauci da su, yaya aka yi su? Masaƙi yakan saƙa siririn yanki ne wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, mai tsawon gaske, sannan a yanka shi, a jera, a ɗinke gefe da gefe har ya zama gwado ko luru ko zane ko babbar riga. Masaƙan Sokode da na Bafilo suna nan suna wannan aiki. Ke nan haɗa sirara-siraran yankuna su zama babban mayafi shi ne tushen tufafin wannan ƙasa. Ko cusa auduga tsakanin ƙyalle biyu a bi da ɗinki, Bahaushe ya san shi tun tuni, domin haka ake yin lifidin da ke kare doki da mahayinsa a fagen fama.

Wasu al'ummu sun riga sun gane haka. A Sudan, mabiyan Mahadi Muhammadu Ahmad a shekarun 1880 sun mayar da jibba mai faci tufafin alfaharinsu. A Senegal, almajiran Shehu Ibra Fall na ɗariƙar Muridiyya ana gane su da riguna na haɗe-haɗen ƙyallaye. A Amurka, matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, jikokin bayi, sun daɗe suna haɗa barguna da ragowar kayan aiki saboda sanyi. A 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan sarki na gidan waya. Abin da ya sauya a can shi ne idon mai kallo, bargon kam yana nan yadda yake.

Aikin kansa ba ya neman wani kaya da babu shi a shago. Da farko a ware ƙyallayen: auduga gefe guda, masu santsi da roba gefe guda, domin idan aka gwama su, wanki ɗaya zai sa wani ya tsuke wani ya saki, bargon ya karkace. Sannan a jiƙa su a ga mai zuba, a fitar da shi kafin ya ɓata 'yan'uwansa. A shanya, a goge, a yanka su faɗi ɗaya, misali yatsu uku. Sai a samo tsohon zane mai sauran ƙwari a shimfiɗa, shi ne gindin aiki. A ɗora siriri na farko, a kifa na biyu a kansa fuska da fuska, a bi gefe da keke, a buɗe, a danne da dutsen guga, a ɗauko na uku. Haka za a yi ta yi har zanen ya rufe. Inda gwaninta take shi ne zaɓen launi: mai duhu kusa da mai haske, a bar ido ya huta da wani fari ko shuɗi kafin a sake kawo mai zane-zane. Daga nan a sa wani zanen ko auduga a tsakiya, a yi masa shafi, a bi da layukan ɗinki a tsaye don kada cikin ya dunƙule, a kalmasa baki. Allura ma ƙarfe ce. Wadda ba ta da keke tana iya yi da hannu, sai dai ta daɗe.

Akwai hujjoji biyu masu nauyi da ake kawowa a kan wannan sana'a, kuma bai kamata a kau da kai daga gare su ba. Ta farko ita ce lokaci. Gwanjo yana shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Lome, ya bi ta kasuwar Hedzranawoe, ya hau babbar hanya har Dapaong da Cinkasse, kuma farashinsa ba wanda ɗinkin hannu zai ja da shi. Telan da ke da iyali ba zai bar ɗinkin amarya ya zauna yana jera ƙyallaye ba. Wannan gaskiya ce. Sai dai shagon tela ba mutum ɗaya ba ne. A Togo, koyon ɗinki yakan ɗauki kimanin shekara uku, da yarjejeniya tsakanin iyaye da mai shago, da jarrabawa a ƙarshe, da bikin yaye. A watannin farko, mai koyo yakan yi ta gwaji a kan takardar buhun siminti, wadda ake yarwa bayan an gama. Da ƙyallaye aka ba shi, da ya koyi miƙe layi da daidaita gefe da riƙon guga a kan yadi na gaske, kuma ƙarshen wata yana da abin da zai sayar ko ya rufa da shi. Bayan sallah ma, lokacin da kekuna kan yi shiru, ba a rasa sarari.

Hujja ta biyu ta fi ta farko zurfi: ƙyallen na wane ne? Wadda ta kawo atamfa ita ta biya kuɗin yadi shidan, kuma abin da ke hannun tela amana ne. An daɗe ana zargin teloli da rage yadin mutane, har abin ya shiga barkwanci. Idan ƙyalle ya zama kuɗi, ana iya fargabar almakashi zai ƙara kwaɗayi. Maganin wannan ba wuya gare shi: tambaya. A gaya wa mai kaya tun ranar awo cewa ragowarta nata ne, in tana so ta karɓa, in ta yafe a sa a buhun masu koyo. Mafi kyau ma, a yi mata tayin ta tara nata na shekara, a haɗa mata bargon ɗanta da su. A nan ne abin ke samun darajar da gwanjo ba shi da ita, domin uwa za ta iya nuna kowane layi ta faɗi asalinsa: wannan ankon bikin ƙanwarta ne, wancan na sunan ɗan fari, ga na sallar da kakarsa ta yi ta ƙarshe.

Saboda haka, ƙungiyoyin teloli na Sokode da Dapaong, da masu shirya jarrabawar kammala koyo, suna da abin yi wanda ba ya bukatar tallafin kowa: su sa bargon ƙyallaye cikin ayyukan da mai koyo zai nuna kafin a yaye shi. Shi kuma ɗalibin harshe nasa aikin shi ne ya riƙa ajiye kowace kalma a muhallinta, a baki da a rubuce, ya kira tsumma tsumma, ya kira ƙyalle ƙyalle. Ranar da yaron shago ya ji ubangidansa ya ce a tara ƙyallayen nan, ba a kwashe tsummokaran nan ba, tsintsiyarsa za ta bi ta wani wurin.