Kafin a miƙa miki pilil, wa ya tambaye ki?

Ƴan'uwa, na san wasu za su ɗauki wannan rubutu su yi ta tsorata mutane da shi a WhatsApp. Duk da haka sai na faɗa.

Wata ƴar unguwarmu ta sayi ƙwayar tazarar haihuwa wurin mai tallar magani a tire, tana jere da parasetamol da maganin tsutsar ciki. Wata uku tana sha, sai ƙafarta ɗaya ta kumbura, sharaɓa na yi mata zafi. A gida aka ce sanyi ne, aka yi ta shafa man zafi. Sai da numfashi ya fara gagararta aka kai ta likita. Ashe jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, wani guda ya ɓalle ya tafi huhu. Allah Ya sa da sauran kwana.

Abin ba ya da yawa, kar a yi mini ƙari. Pilil mai haɗe da sinadarin estorojen, irin su Microgynon, tana sa jini ya fi saurin daskarewa, musamman a shekarar farko. Hukumar magunguna ta Turai ta yi lissafi a 2013: cikin mata 10,000 da ba su sha, kamar 2 ne ke samun wannan matsala a shekara, masu shan irin Microgynon 5 zuwa 7, wasu sabbin iri kuma 9 zuwa 12. Ga abin da ƴan tsoratarwa ba za su faɗa miki ba: ciki, da makonnin farko na jego, sun fi pilil wannan haɗari. Saboda haka ni ban ce a daina ba, wallahi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ana iya gane mafi yawan matan da bai kamata su sha ta ba cikin minti biyar. A auna tansiyo. A tambaya: kin kai shekara 35 kuma kina shan taba ko shisha? Jini ya taɓa daskare miki? Kina ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido? Yaushe kika haihu, kina shayarwa? Wadda ba ta dace ba tana da mafita: Microlut da ba ta da estorojen, ko ashanar hannu, ko siterile. Mai tire bai san waɗannan tambayoyi ba. A CSI kuma, sajfam ɗaya da dogon layi a gabanta, wani sa'in kwali kawai ake miƙawa. Takardar da ke cikin kwalin da Faransanci take, rubutu kamar ƙafar tururuwa.

Mu ma masu wayar da kai muna da laifi. Tsoron kar mata su gudu ya sa muke cewa "ba ta da wata illa". Ranar da ƙafar mace ɗaya ta kumbura, duk unguwa ta ɗauke mu maƙaryata, mai jita-jita ya ci kasuwarsa.

Muna neman ma'aikatar lafiya ta sa a riƙa faɗar alamomin a rediyo da Hausa da Zabarmanci, a kuma liƙa su a bangon kowace CSI da farmasi: kumburi ko ciwo a ƙafa ɗaya, sarƙewar numfashi farat ɗaya, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani da ba ki saba ba. In kin ga ɗaya daga ciki, ki je likita a ranar, ki tafi da kwalin a hannunki.