Me ya sa rigakafin sha ke rasa ƙarfi a inda aka fi buƙatarsa?

Kwalara da zazzaɓin taifot ta baki suke shiga, a hanji suke fara ɓarna. Shi ya sa masana suka ƙirƙiro rigakafin da ake sha ko haɗiya, daga ƙwayar cutar da aka raunana har ta kasa jawo ciwo. Irinsa ne Ty21a na taifot, wanda aka samar a Suwizalan a shekarun 1970, da CVD 103-HgR na kwalara, wanda Amurka ta amince da shi a 2016 da sunan Vaxchora.

Idan ƙwayar ta isa ƙaramin hanji, dakarun garkuwar jiki da ke bangonsa sukan kama ta, su gane kamanninta, sannan su sa a fitar da sinadarin kariya mai suna IgA cikin majinar hanji. Ranar da ainihin cutar ta zo, sai ta tarar da masu gadi a bakin ƙofa.

Sai dai kariyar ba ɗaya ba ce a ko'ina. Vaxchora ya kare kusan kashi 90 cikin 100 na Amurkawan da aka gwada bayan kwana 10, amma babban gwajin da aka yi wa irinsa a Jakarta ta Indunusiya a shekarun 1990 bai nuna kariyar a-zo-a-gani ba. Daga cikin dalilan da masana ke zargi akwai halin da hanjin ke ciki. Yaron da ya tashi kan gurɓataccen ruwa, ga tsutsar ciki, ga ƙarancin abinci mai gina jiki, bangon hanjinsa kan zauna cikin kumburi, ƙwayar rigakafin kuma ta kasa samun wurin zama.

Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, akasarinsu a Arewa. Rigakafin da ake rabawa a nan na matattun ƙwayoyi ne, amma shi ma ta hanji yake aiki.

Rigakafi na ceton rai lokacin annoba, kuma bai kamata kowa ya guje shi ba. Amma gwamnatin da ta sayo shi ta bar famfo a bushe, kasuwanni babu ban-ɗaki, ta rage wa maganin ƙarfi tun kafin ya shiga bakin yaro.