Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

A 1939 wani Bazulu, Solomon Linda, ya rera waƙar "Mbube" a Johannesburg, ya sayar wa kamfanin Gallo a kan sule goma kacal. Waƙar ta ƙetare teku, Amurkawa suka sake mata riga ta zama "The Lion Sleeps Tonight", har ta shiga fim ɗin Disney a 1994. Shi kuwa Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006, bayan shari'a, aka yarda a biya magadansa.

Jama'a, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Dokar Nijeriya ta mallaka wa mawaƙi waƙar da ya tsara muddin ransa, magadansa kuma su ci moriyarta shekara 70 bayansa. Duk wanda ya sallama ta ɗungurungum don kuɗin cefane, gonar gado ya sayar.

Mu da muka yi boko, haƙƙi ne a wuyanmu mu karanta wa mawaƙanmu takardar yarjejeniya kafin su dangwala hannu. A ba kamfani haya ta 'yan shekaru, a rubuta kason mawaƙi ɓaro-ɓaro. Amma waƙa dai ta mai ita ce.