Wayar da Za a Aika Gida

Duk sa'ad da Salla ta ƙarato, kasuwar wayoyi ta Ikeja da ta Alaba a Ikko sukan cika da 'yan Arewa masu neman tsarabar da za su aika gida. A cikinsu akwai mutanen Nguru da Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su, waɗanda neman abinci ya kai su Agege da Mil 12, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anaca da Fatakwal. Da yawa daga cikinsu sun yi watanni suna tari domin su saya wa mahaifiya ko uwargida waya. Niyyar kyakkyawa ce, babu mai musun haka. Abin dubawa shi ne irin tambayar da suke yi wa mai shago. Yawanci sukan tambayi faɗin fuskar wayar da yawan idanun hoton da ke bayanta, alhali tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce, kwana nawa wayar za ta yi a Gashuwa ba tare da ta ga caji ba.

Sanin kowa ne cewa hulɗar waɗannan garuruwa biyu da Kudu ba ta yau ba ce. Tun 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru ya tsaya, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙiraga da ƙaro da bandar nama, waɗanda ake loda wa jirgi a nufi bakin teku da su. Gashuwa kuwa, hedkwatar masarautar Bade, tana zaune ne a bakin kogin Yobe, kuma bandar kifin fadamar Haɗeja da Nguru ta daɗe da sanin hanyar kasuwannin Kudu. Inda kaya suka bi, nan mutane suka bi. Amma labari shi ne ya fi kaya wahalar tafiya. Dattawan zango za su iya tuna lokacin da sai an nemi mai rubutu ya rubuta wasiƙa, can gida kuma a nemi mai karantawa, ta yadda asirin miji da mata sai ya ratsa ta kunnen mutum biyu kafin ya isa. Daga baya aka shiga naɗar murya a kaset ana ba direban babbar mota, ko kuma a aika gaisuwa ta shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna a zauna ana fatan wanda aka gaisar yana saurare. Labarin rasuwa kan iske mutum bayan an yi sadakar bakwai.

Wannan hali ya fara sauyawa a 2001. A watan Janairu na wannan shekara Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Kafin wannan lokaci layukan wayar tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Da farko abin na masu hali ne, domin layi kaɗai yakan ci dubban nairori, minti ɗaya kuma naira 50, ko da mutum sallama kawai ya yi ya kashe. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa sannan farashi ya fara saukowa inda talaka zai kai hannu. A cikin wannan shekara kuma kamfanin Nokia ya fito da wayarsa mai lamba 1100, mai tocila a ka, wadda ta nuna wa sauran masu ƙira cewa akwai miliyoyin mutane a duniya da ɗan haske da dare ya fi musu kowane ado amfani.

To, a nan ne ya kamata ɗan ci-rani ya tsaya ya yi tunani. Wayar da ta dace da Ikko ba lalle ne ta dace da arewacin Yobe ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, zafi kuwa babban maƙiyin batir ne, yana rage masa ƙarfi tun kafin lokacinsa. Da hunturu ƙura tana toshe kafar caji da kafar magana. Wutar lantarki ba ta da tabbas a cikin gari, balle a ƙauyen da ko turke ba a kafa ba. Babbar waya ta shafawa da ƙyar take kai wa dare idan an yi ta aiki da ita, ƙaramar waya mai madannai kuwa takan yi kwanaki. Wanda ya aika wa tsohuwa babbar waya ya ɗora mata hidimar aiken yaro wurin mai caji kowace safiya da biyan kuɗi kowace rana, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 masu caji da janareta suka ƙara farashi, ba don mugunta ba, sai don haka man ya koma. A watan Oktoba na 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, masu ƙananan wayoyi da masu faifan sola ne suka ci gaba da jin muryar 'yan'uwansu. Saboda haka duk wanda kuɗinsa ya isa waya mai tsada, gara ya raba kuɗin biyu, ya sayi mai sauƙi ya haɗa da ɗan faifan sola.

Haka nan maganar layi biyu. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da itel da Infinix, bai mamaye kasuwar Afirka don ya fi kowa fasaha ba. Ya lura ne cewa mutumin nan yana yawo da layi biyu ko uku, sai ya yi masa waya mai ɗaukarsu a ciki ɗaya. A Ikko layi biyu hanyar rage kuɗin kira ce. A ƙauyukan da ke tsakanin Nguru da Macina, ko tsakanin Gashuwa da Yusufari, batun ya wuce haka, domin sabis ɗin wani kamfani yakan kai wani gari bai kai na gaba ba. Kafin a sayi layi a Kudu a saka cikin waya a aika, ya kamata a tambayi mutanen gida wane ne yake kamawa a tsakar gidansu, ba a kan tudun bayan gari ba. Rediyon da ke cikin waya ma abin tambaya ne: wasu ba sa kama tasha sai an soka musu abin saurare na kunne, wanda shi ne eriyarsu, kuma shi ne abu na farko da yara ke ɓatarwa.

Wannan ba yana nufin babbar waya ba ta da gurbi a can. Ga mai fataucin kifi ko dillalin dabbobi ta zama jari. Yana ɗaukar hoton kwalin banda ko na sa ya tura wa abokin cinikinsa da ke nesa da shi da fiye da kilomita 1,000, a yi ciniki a gama kafin mota ta tashi. Saƙon murya na WhatsApp kuma ya dawo da abin da kaset ke yi a da, har ya fi shi, tun da wanda bai yi boko ba yana iya faɗin maganarsa da bakinsa, da Hausa ko Badanci ko Barbarci ko Fulatanci, ba tare da ɗan tsakani ba. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, su ma karatunsu ba ya tafiya sai da ita. Abin lura kawai shi ne, mai sayen ta hannu ya buɗe ido. Tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da manhajarsu ta gaza Android 5, kuma yana ci gaba da sallamar tsofaffin wayoyi lokaci-lokaci. Kowace waya tana da lambarta ta shaida mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan an danna *#06#. In ba ta yi daidai da ta jikin kwali ba, ko kuma mai sayarwa ya ƙi ba da rasit, to a bar masa kayansa. Araha ba ta ado, kuma wayar sata tana iya jawo wa dattijon da bai san hawa ba bai san sauka ba kwanan ofishin 'yan sanda.

Amma duk wannan ƙaramin al'amari ne idan aka gwada shi da batun layin kansa. A yau ɗan katin nan da bai kai girman farce ba ya fi wayar da ke ɗauke da shi daraja nesa ba kusa ba, domin shi ne mabuɗin asusu. Tun 2014 aka ɗaure asusun banki da lambar BVN, a watan Disamba na 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa 2024, aka rufe layuka masu ɗimbin yawa. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, har mai sayar da ƙosai sai da ta koyi karɓar kuɗi ta waya. Kuɗin da ɗan ci-rani ke ba direba a ƙulle cikin tsumma yanzu ta waya yake tafiya, ya sauka wurin mai POS a bakin kasuwa. Ƙaramar waya mai madannai tana wannan aiki sarai, ta hanyar gajerun lambobin banki, ba ta bukatar intanet.

A nan ne ake yin sakacin da ya fi kowane tsada. Mutum ya yi rajistar layi da sunansa a Ikko ya aika wa mahaifiyarsa, ko kuma can gida a sayi layin da wani ya riga ya yi wa rajista don gudun dogon layin ofis. Ranar da wayar ta faɗa kogi ko aka sace ta a kasuwa, kamfani ba zai maido da layin ba sai ga wanda sunansa da hotonsa ke cikin rajista, shi kuwa yana Kudu, ko ma ba a san ko wane ne ba. Layin da ya yi watanni shida ba a mora ba ana iya rufe shi, daga baya a sayar wa wani, saƙonnin banki su riƙa zuwa hannun baƙo. Ga kuma lambar sirri. Tsohuwar da ba ta iya karanta abin da ke fitowa a fuskar waya dole ta miƙa ta ga wani yaro ta faɗa masa lambar, gobe ta faɗa wa wani. 'Yan damfara sun san da haka, shi ya sa suke kira da Hausa tsantsa, da ladabi da sallama, suna cewa daga banki suke, asusu ya sami matsala, a karanto musu lambobin da aka turo. Babu bankin da ke neman lambar sirrin mutum ta waya. Wannan jimla ɗaya ta cancanci ɗan ci-rani ya maimaita ta ga iyayensa a kowane kira, kamar yadda yake tambayar lafiyarsu.

Hukumomi da kamfanoni su ma suna da nasu kason. Abin mamaki ne a ce shekara fiye da 20 da zuwan wayar salula, yawancin umurnin da banki ke nunawa a fuskar waya da Turanci yake, alhali 'yan damfara tuni suka koma harshen jama'a. Wanda ke cin ribar hada-hadar talaka wajibi ne ya yi masa magana da harshen da yake ji, da rubutu da murya. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na intanet da kashi 50 cikin ɗari, bisa hujjar tsadar aiki. Tun da mutumin Bade da na Nguru suna biyan ƙarin daidai da mutumin Ikoyi, hakkinsu ne su ga turakun sadarwa sun ƙaru a ƙauyukansu, su kuma sami ofishin gyaran rajista kusa, ba sai sun yi asarar yini da kuɗin mota ba. Mutanen Yobe sun fi kowa sanin darajar sabis. A 2012 'yan bindiga sun ƙona turaku da dama a Arewa, a watan Mayu na 2013 kuma, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa, aka katse layuka, ba a maido da na Yobe ba sai cikin watan Yuli. Waɗanda ke Kudu a lokacin ba su manta makonnin da suka yi ba su san halin da iyalansu ke ciki ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun jama'a. Sarakunan Hausawa na zangunan Kudu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kifi da 'yan dabbobi suna tara mutane don sasanta rigima da karɓar gudummawa. Ba zai gagare su ba su ware rabin sa'a kafin tafiyar Salla, su sa wani matashi mai ilmin abin ya nuna wa mutane yadda ake sa wa layi makulli na lambar sirri, da yadda ake rufe asusu cikin gaggawa daga wata wayar idan an yi sata, tun da bankuna sun tanadi gajerun lambobi domin haka. Shi kuma wanda zai je gida, ya keɓe safiya ɗaya daga kwanakin hutunsa, ya ɗauki mahaifiyarsa da katin shaidarta zuwa ofishin kamfani a Nguru ko Gashuwa, a yi wa layin rajista da sunanta, sannan ya zaɓi mutum ɗaya amintacce a cikin gida wanda shi kaɗai zai riƙa taya ta danna lambobin idan kuɗi ya shigo.